Inda Rawar Bututu Ta Koma

Dogo ya sake ɗora sifana a kan noti, ya danna har jijiyar wuyansa ta miƙe. Tun safe bututun da ya fito daga injin matse gas yake karkarwa kamar mai zazzaɓi. Injin irin mai fistin ne, ba ya tura gas sumul, tunkuɗa shi yake bugu-bugu, kowane bugu kuwa sai ya bi ƙarfe ya girgiza shi.

A masana'antar nan magani ɗaya aka sani: abin da ya yi rawa, a ɗaure shi. Injiniya ta ce a tsayar da injin sai tulun ƙarfen da aka yi oda, mai shanye bugun, ya iso. Manaja ya ce motoci na jira a bakin ƙofa, duk wanda ya danna jan maɓallin nan na kashe injin, gobe ya yi zamansa a gida. Dogo, shugaban masu gyara, ya ga shi ba zai yi faɗa da tuwon 'ya'yansa ba. Ya ƙara maɗauri, ya ƙara wani. Bututu ya yi tsit.

"Kai Dogo, ko aljani ne sai ka ɗaure shi!" in ji mai walda.

Dogo bai yi dariya ba, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ga injin yana ta bugu, to ina rawar ta tafi? Ya dafa bututun, ya bi shi da tafin hannu, ya zagaya bango, ya gangara ɗakin cika tukwanen gas. Nan ƙanensa ke aiki, wanda shi da kansa ya kawo, bayan ya yi wa Inna rantsuwa zai sa masa ido.

Can ya same ta. Siririn reshen bututun da ke riƙe da agogon awon gas yana kaɗawa har ido ba ya kama shi, daidai saitin kan ƙanen. A gindin reshen, inda aka yi walda, wata tsaga ta fito kamar silin gashi. Tsoro ya kama Dogo.

"Yaya, ka ga yadda aiki ke gudu yau?" in ji ƙanen.

"Fita."

"Saura tukwane kaɗan fa..."

"Na ce fita!"

Dogo ya haura a guje ya danna jan maɓallin. Injin ya yi nishi ya mutu. Cikin shirun, takun manaja ya taso daga ofis.

Dogo ya dubi mai walda.

"Ko ba na nan gobe, ku kwance duk abin da na ɗaure."