Jar Zuma

Tun ranar da Ɗayyabu ya hau saman soro da akwatunan nan biyu na ce masa ba za a wanye lafiya ba. Autana ne, malamin makaranta, ya ba arba'in baya. Maimakon ya ɗaure tunkiya kamar kowa, wai shi ƙudan zuma zai kiwata don sha'awa. A Dukawuya! Unguwar da in ka yi atishawa a ɗakinka, maƙwabci ne zai yi maka addu'a.

"Inna, ba sa harbi sai an tsokane su."

"Su ne suka gaya maka?"

Damina dai ta wuce shiru. Rani na kamawa sai ga Hafsatu, ido ɗaya a kumbure kamar ƙwan agwagwa. Shekara hamsin katanga ɗaya muka haɗa da ita. Ɗayyabun nan ma ita ta karɓe shi da hannunta, ranar da ungozoma ta tafi biki ta bar ni a durƙushe. Irin wannan ba na mantawa. Tun rasuwar mijinta zoɓo take dafawa, masu shago a Ƙofar Wambai suna sara, da shi take ci.

"Yaya, dubi idona. Da na zuba sukari sai su rufe tukunya. Jiya jarka uku aka dawo mini da ita, wai an tsinci matattu a ciki. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba, amma Juma'a in ba a kwashe su ba, sai gaban mai unguwa."

Ni da Hafsatu a zauren mai unguwa, ana yi mana sulhu kamar 'yan tasha! Na ƙwala wa Ɗayyabu kira.

Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya gyara tabarau. "Baba Hafsatu, Allah ya ba ki haƙuri, amma ƙudan zuma ba su da lamba. Akwai na daji a kogon bishiya. A group ɗinmu na masu kiwon zuma a waya ma an ce suna tafiyar kilomita uku. Ta yaya aka san nawa ne?"

Matar da ta yanke maka cibiya kake tambaya shaida? Na shiga kicin na ɗebo fulawa gwangwani guda da rariya na miƙa mata.

"Je ki ɗora zoɓonki. In sun taru, ki tankaɗe musu wannan a ka."

Ni kuma na tasa shi gaba zuwa sama. Rabona da matakalar nan shekara shida, gwiwa na ƙara, ina hawa ina tsine wa zuma a zuci. Muka tsaya nesa da akwatunan. Can na jiyo Hafsatu ta bayan katanga: "Na zuba!"

Ba a jima ba sai ga ɗaya, fari fat kamar ya kwana a injin niƙa, ya shige ƙofar akwati. Ga na biyu. Ga wasu biyar a jere.

"To, Malam, ga lambar."

"Wataƙila baƙi ne, Inna. Wani lokaci sukan..."

"Buɗe."

Ya sauka ya sako kayansa masu rufe mutum har fuska, ya yi ta busa musu hayaƙi, ni ina can lungu na ƙudundune da mayafi. Ya zaro saƙa ɗaya ya ɗaga ta a rana. Ja wur! Zuma ce, amma ja, har da ƙanshin kanumfari.

Sai a lokacin muryarsa ta sauka. Wai da rani babu fure a cikin gari, yunwa suke ji.

"Wato ka ajiye dabba ba ka ciyar da ita, ta koma cin tukunyar marainiyar Allah."

"Zan riƙa haɗa musu ruwan sukari a nan sama."

"Wanda ya ɗanɗani zoɓon Hafsatu ne zai koma ruwan sukarinka? Gonar kawunka Ilu tana nan a Gezawa, ga mangwaro ga darbejiya. Can za su."

"Inna, ɓarayi fa? Kuma ni da yamma nake zama ina kallonsu, shi ne hutuna."

Wannan ta ɗan taɓa ni, don na san gaskiya ne. Amma na ce ya sayi kujera a Gezawa.

Na sa ya yanko mini saƙar a kwano, na rufe da faifai, na zaga da kaina.

"Hafsatu, ga zoɓonki, an dawo miki da shi."

Ta dangwala ta lasa. "Sun rage citta." Ta kuma dangwala. "Yaushe za a kwashe?"

"Alhamis."

"In na gani da idona. Wanda ya rage."

Alhamis bayan magariba, da suka gama shiga, ya toshe ƙofofin, aka sauko da akwatunan da igiya, Hafsatu na tsaye a ƙofar gida har a-kori-kura ta sha kwana. Ɗayyabu bai ci tuwona ba ranar, gaisuwar ma a taƙaice.

Juma'a da hantsi na ji ta ɗora tukunya. Na zauna jikin katanga ina jira, carbi a hannu amma ban san me nake ja ba.

"Yaya!"

"Na'am."

"Guda uku sun zo."

Na ajiye carbin. "To?"

"Uku kam na iya da su. Miƙo kofi ta sama, tun da ɗuminsa."