Wankin Ordinatar Shadrak

Lai'atu ta yi shekara da shekaru tana wanki a asibitin mishan, kuma in kana son jin bakinta, to ka ce mata akwai dattin da ba ya fita. Zannuwan gadon masu haihuwa, rigunan likitoci, tsummokin da wani zai gani ya kasa cin tuwo, duk sun bi ta hannunta sun fito fes. Ita a saninta wanki ma'anarsa ɗaya ce: datti ya tafi, zane ya tsaya.

Mijinta Shadrak shi ne shugaban koral, wato ƙungiyar mawaƙa ta majami'arsu. Ya rasu bara, lokacin cirar albasa, bayan ƴar gajeruwar jinya. Bai bar wani abin a zo a gani ba sai wata tsohuwar ordinatar baƙa, wato kwamfuta, da wani likita ya ba shi da zai koma ƙasarsu. A cikinta ne Shadrak ya zuba waƙoƙin yabon da ya tsara da kansa, ya ɗauka da muryarsa a tsakar gida. Bai rubuta su ba, bai tura wa kowa ba, kullum sai ya ce bai gama gyara ba. Ran Lahadi in an taso daga sujada, Lai'atu takan buɗe ta, ta danna ƴar jakar nan rawaya kamar yadda ya nuna mata, ta zauna tana tsince wake tana jin mijinta. Abin da ya rage mata na muryarsa ke nan a duniya.

Da Nowel, wato Kirsimeti, ta matso, Mika ƙanen marigayin, wanda yanzu yake jan koral, ya zo da kile, ɗan ƙarfen nan da ake kwafar abu a ciki, zai kwashi waƙoƙin don a koya wa matasa. Kilen nan kuwa babu butik, wato shagon masu gyara, a Madawa da bai shiga ba. Ana soka shi, kafin a kwafi ko waƙa ɗaya, sai fuskar ordinatar ta yi ja wur. Wani abu ya faɗo mai koren giciye irin na farmasi, yana kiran kansa dokta, yana ƙara ƙit-ƙit-ƙit. Ya jero waƙoƙin Shadrak daga sama har ƙasa, kowacce da jar kalma a gefenta.

Mika ya zare kilen da sauri. Ya ce, "Yaya, kar ki taɓa komi. Gobe zan tahi Buza, in na komo sai mu nemi wanda ya sani."

Lai'atu ba ta yi lakkwal, wato makarantar boko, mai nisa ba, faransancinta na gaisuwa ne. Amma kalmar nan ta san ta. Anfekte. Ita ce ake rubutawa a jikin jan bokitin da ba a taɓawa sai da safar hannu. Ta kuma san abin da ke faruwa in aka bar abin da ya kamu ya kwana cikin mai lafiya. Ta yi ƙoƙarin jiran Mika, Allah ya sani ta yi. Amma duk sanda ta buɗe, jan ya ƙaru, in ta danna waƙa maimakon Shadrak sai doktan nan ya faɗo yana ƙara. Lahadi ta zo ta wuce gidan shiru. Tsoro ya kama ta, irin tsoron da ta ji ranar da aka ce mata ta fita daga ɗaki likita zai duba Shadrak.

Washegari ta naɗe ordinatar cikin wankakken tawul, ta rungume ta a ƙirji, ta shiga motar Madawa.

An nuna mata butik ɗin Manzo kusa da tasha. Magidanci ne mai fara'a, ɗan Azarori, ga gurup, injin ba da wuta, yana ta ruri a bakin ƙofa saboda kuran ya tafi, ga maza cike kowa da salularsa a hannu, wannan a sa masa fim, wancan a buɗe masa lambar da ya manta. Da ya ga babbar mace tsaye ya sa aka ba ta benci. Ya kunna ordinatar, jan ya faɗo, sai ya yi dariya.

"Inna, wanga ba dokta ba na. Ɓarawo na cikin rigar dokta. Shi ka kururuwar ciwo don ki tsorata ki biya shi, alhali shi na ciwon."

Lai'atu ta ji kalmar ciwo, sauran duk ya bi iska. Ta ce, "To ɗana, yana warkuwa?"

"Ƙwarai. Hanya biyu ta. Ko in lallaɓa ta ƙohwar baya inda ba shi iya tashi, in bi shi lungu-lungu in tumɓuke. Wannan yana cin lokaci, kuma irinsu sukan bar saiwa. Ko kuwa in wanke ta gaba ɗaya."

Wanke ta! Hankalin Lai'atu ya kwanta nan take. An zo gidanta.

"Wanke ta," ta ce.

"Kayan ciki hwa?"

"Su ma. Ai su na anka ce sun kamu. Wanke su tas, kar ka bar komi."

Manzo ya ɗago ya dube ta. "Kin tabbata, Inna?"

Ta gyara ɗankwali. "Yaro, ni za ka koya ma wanki? Tun ba ka iya ɗaura wando ba nike wannan aiki."

Butik ya ɗauki dariya, har da Manzo. Kash! Cikin duk ƙattin nan da ke zaune a ce ba a samu mutum ɗaya da zai buɗe baki ba. Kowannensu ya san abin da masu gyara ke nufi da wankewa, don an sha wanke musu salula: a shafe komai da komai, a mai da abu kamar ranar da aka fito da shi daga kwali. Amma sun ga dattijuwa ta yi magana da ƙarfin zuciya, sai kowa ya ɗauka ta sani. Ita kuma ba ta ce muryar mijinta ce a ciki ba, don ba a ɗauko zancen mamacinka a baje shi gaban baƙi a bakin tasha.

Ta shiga kasuwa da sauƙin zuciya. Ta sayi sabulu, ta sayi daddawa, ta tsaya ta sha fura a inuwa, har ta taya wata mata daga Tama zaɓen atamfa. Ta ma sayo wa Manzo goro, don ta ga yaron kirki ne.

Da rana ta karkata ta dawo. Manzo ya juyo mata da fuskar ordinatar yana murmushi. Shuɗiya shar, babu ja, babu ƙara. Ta ce, "Madalla, Ubangiji shi yi maka albarka. Buɗe mani jakar nan rawaya in ji."

Ya buɗe. Fari fat.

"Ba wagga ba. Wadda waƙoƙi ke ciki."

"Inna, ai babu komi ciki yanzu. Kin ce a wanke."

"I, na ce a wanke. To ina su?"

Murmushin ya bar fuskar Manzo a hankali. Ya dubi matar, ya dubi tawul ɗin da ta ninke a kan cinya, sai yanzu ya ga yadda aka goge shi da dutsen guga. Ya rage murya ya ce, "Waƙoƙin wa ne?"

"Na maigidana. Shi ya rera su. Ya rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Manzo, ya dafe kai da hannu biyu. Waɗanda suka yi dariya ɗazu suka shiga kallon ƙasa.

Lai'atu ba ta yi ihu ba. Ta zauna ta saurara yana yi mata bayani cewa su a sana'arsu wankewa shafewa ce. Da ya gama sai ta yi tambaya ɗaya.

"Da kac ce shi na ciwon, kana nufin waƙoƙin ba su kamu ba?"

Ya so ya yi mata ƙarya. Bai iya ba. "Lahiyarsu lau, Inna. Ƙarya ya yi masu."

Nan ne hawayen suka zo. Lafiyarsu lau, ita ta ɗauko su da hannunta daga gida, ta biyo mota da su, ta tsaya gaban jama'a ta ce kar a bar komai. Baƙin cikin ya fi ƙarfin kuka mai sauti, sai dai kafaɗunta da ke girgiza.

Manzo ya tashi ya sallami kowa, har mai salular da aka buɗe rabi. Ya ce akwai wani abu da ke tono abin da aka shafe, amma kar ta sa rai, don ya riga ya zuba sabon tsari a kan tsohon, kamar yaɓen da aka yi a kan rubutun bango. Ya sa shi aiki. Suka zauna jira. Ya je ya yi sallar la'asar ya dawo, tana nan yadda ya bar ta. Ƙullin goron na gefenta a kan benci, ta manta da shi.

Abin ya tono tarkace da yawa. Hotuna rabi mutum rabi toka. Waƙoƙin kuwa suna nan da nauyinsu amma ba sa buɗuwa, wadda ta buɗu sai shuuu kamar rediyon da ya ɓace tasha. Manzo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba masa, yana dannawa yana rufewa. Kowane shuuu sai Lai'atu ta ɗago kai, ta sake sunkuyarwa. Har ta fara ninke tawul za ta ce masa ya bari haka nan, mota za ta tashi.

Sai aka ji gyaran murya.

Ba waƙa ba ce. Farkon wata ɗauka ce da Shadrak bai ma san ta shiga ba. Ana jin kukan akuya, ana jin ƙarar kujerar ƙarfe a kan ƙasa. Sai muryar Shadrak, kusa-kusa, da ɗan fushin nan nasa na wasa:

"Lai'atu! Ke Lai'atu! Zo ki kore mani awakin ga, ina son in hwara."

Shi ke nan. Sauran ya koma shuuu.

"To, ga ni nan zuwa," in ji Lai'atu.

Da ƙarfi ta faɗa, har ta yunƙura daga kan bencin. Sai ta ga Manzo, ta ga wayoyin caji rataye a bango, ta koma ta zauna. Manzo ya juya fuskarsa wajen ƙofa yana share ido da hannun riga.

Can ta ce, "Ɗana, wanga dai kar ka taɓa shi. Sake sa mani."