Kunnen Karsanar Kawu Isa

Karsanar da ta ɓata a garken Kawu Isa na Masama ba tasa ba ce. Amana ce, amininsa na Kambaza ya ba shi kiwo. Kwana uku tsohon ko fura bai iya haɗiyewa ba, don bai san da wane baki zai gaya wa mai ita ba.

Rana ta huɗu aka gan ta a kasuwar shanu ta Kalgo, ana shirin loda ta a mota zuwa Kudu. Kawu ya hau mashin daga Gwandu, ya kira Fiddausi, 'yar ƙanwarsa mai karatun kwamfuta a nan Kalgo. Ita ce bara ta bi ruga-ruga tana ɗaukar hoton tsagar kunnen shanu, tana zubawa cikin wata manhaja da ta ƙera da kanta.

Da suka isa kasuwar, wanda ya riƙe igiyar karsanar ya rantse tasa ce tun tana maraƙa. Sarkin tike, shugaban kasuwar shanun, Alhaji Abdulhakeem, ya ce, "Ɗiyata, in da shaida, in gan ta cikin wayata."

Fiddausi ta tura masa linkin hoton karsanar. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, ko motsi. Direba kuwa har ya tayar da mota!

Fiddausi ta karɓi wayar ta juya ta, nan ta gane. Linkin tata manhajar kaɗai ya san kira, ga shi kuma don wayoyin Andiroyid ta yi ta. Ta Alhaji Aifon ce, babu manhajar a ciki, to wa zai amsa? Kamar sallama a ƙofar kango.

"Baba, a ba ni minti biyu."

Ta tsuguna a inuwar motar, ta ciro adireshin shafin karsanar na intanet, irin wanda kowace waya ke buɗewa da burauza. Ta tura.

Sai ga hoto, tar! Tsaga biyu a kunnen hagu, ga ranar da aka ɗauka, ga Kawu tsaye kusa da karsanar. Alhaji ya kama kunnen karsanar ya gwada da hoton, kasuwa ta ɗauki kabbara. Mai igiya ya saki igiya, 'yan banga suka riƙe shi.

Kawu ya rungume wuyan karsanar yana hawaye, bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Fiddausi, kira mani aminina na Kambaza. Yanzu ina iya gaishe shi."