Ɗari da Shekarun Baba

Na kwance abin awon jini daga hannun Baba, na juya masa fuskar na'urar. Ɗari da saba'in a sama, ɗari a ƙasa.

"Daidai ke nan," ya ce, yana sauke hannun rigarsa. "Ɗari ake ɗauka a ɗora shekarun mutum a kai. Ni kuwa na cika saba'in."

Raina ya ɓaci. Watan jiya da na'urar ta nuna ɗari da sittin, ɗan shekara sittin ne. A ma'aikatarsu kuwa, inda yake gudun ritaya, har yau hamsin da biyar yake.

"Haba Baba! A wata guda ka ƙara shekara goma? A gabana likita ta gaya maka, na yara ƙasa yake, na babba mai lafiya wajen ɗari da ashirin bisa tamanin. Na tsoho yakan ɗan ɗara haka, amma ko tsoho in ya wuce ɗari da arba'in, hawan jini ne. Ina maganin da ta ba ka?"

"Ke, ni za ki koya wa jikina? Tun ba a haife ki ba nake wannan lissafin."

Na fizgo aljihun teburinsa. Ƙwayoyin na nan cikin ledarsu, ko ɗaya bai ɓalla ba. Na dire su a gabansa da kofin ruwa, na ce:

"Ai na san lissafin. Da shi ka ba Mama shekara casa'in, ranar da awonta ya nuna ɗari da casa'in. Tana da hamsin da biyu muka rasa ta."