Darasin Kwandon Shara

Hajiya Rauda, shugabar makarantar, ta shigo ɗakin kwamfuta ba sallama, ta rufe ƙofa ta sa sakata.

"Zauna ki saurari wannan," ta ce.

Eucharia ta zauna a bencin yara. Ita ce malamar kwamfuta. A Tudun Wada aka haife ta, a bayan shagon maganin mahaifinta Ejiofor, kuma Hausa ta fi zama a bakinta a kan harshen iyayenta.

Hajiya ta danna wayarta. Muryar wani saurayi ce, yana magana da sauri. Ya ce wata malama Kirista ta sa yara sun rubuta sunan Allah, sannan ta umarce su su jefa a kwandon shara. Ya faɗi sunan makarantar, ya faɗi layin da take. Ya ce duk wanda ya ji ya tura gaba.

"Ban yi ba, Hajiya."

"Me kika koya wa 'yan aji biyar jiya?"

"Yadda ake ajiye fayil da yadda ake share shi. Kowa ya buɗe shafi ya yi rubutu, ya ajiye, sannan ya ja shi zuwa hoton kwandon da ke gefen allo."

"Me suka rubuta?"

"Abin da suka ga dama. Ban buɗe ba."

"Yaran nan, ko lissafi za su yi, da me suke fara shafi?"

Eucharia ta sani. Bisimillah, a can sama, kafin suna. Tun tana ƙarama take ganin maƙwabta suna ɗauke takarda mai rubutun Larabci daga ƙasa suna soke ta a jikin bango. Ita kanta ba ta taɓa ƙunshe magani da irin wannan takarda ba. Amma ba ta taɓa ɗaukar fayil a matsayin takarda ba.

"Muryar Auwal ce, yayan Maijidda 'yar aji biyar," Hajiya ta ce. "Mai tuƙa keke mai ƙafa uku. Na kira kakansu, Malam Kailani na Tudun Jukun. Yana hanya. Kada ki matsa kusa da taga."

Da Hajiya ta fita, sai Eucharia ta matsa kusa da tagar. Ƙofa ɗaya makarantar take da ita, katangar kuma an dasa mata fasassun kwalabe. A tsallaken titi 'yan acaɓa sun kashe babura, ba sa ɗaukar kowa. Mai shayi ya bar teburinsa. Babu mai ihu, babu mai riƙe da komai. Tsaye kawai suke suna kallon ƙofar, wasu da waya a kunne. Wata mata ta zo ta karɓi 'ya'yanta biyu daga hannun maigadi, tana jan su ba ta waiwaya ba.

Ta kira mahaifinta.

"Na ji," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na rufe shago. In zo?"

"Kada ka zo, Papa."

"Sun san fuskarki."

"Kowa ya san fuskata."

Ta kashe wayar don ba ta son jin numfashinsa. A ajin da ke kusa yara suna ta maimaita jadawalin lissafi kamar kullum. Ta ƙirga mutanen da ke waje, ta daina, don kafin ta kai ƙarshe sun ƙaru.

Malam Kailani ya iso a keken Auwal. Dattijo ne siriri, mai gilashin da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Mutanen suka buɗa masa hanya. Ya shigo ɗakin tare da Hajiya da Maijidda, Auwal na biye da su, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannuwa.

Eucharia ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yar Ejiofor ce wannan?" Malam ya ce. "Ubanki ne ya hana ni cin goro. Tashi. Ina kwandon?"

"A cikin kwamfuta yake, Malam."

"To, nuna mini."

Babu wuta. Tun safe aka ɗauke. Hajiya ta leƙa ta ce wa maigadi ya tayar da janareta. Suka ji yana jan igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja. Ya sake mutuwa. Daga waje wani ya buga ƙofar ƙarfen da tafin hannu, sau ɗaya, wasu suka yi dariya.

"Ka gani, Malam," Auwal ya ce. "Ɓata lokaci ake yi."

"Ka iya inji. Je ka taimaka masa."

Auwal ya fita. Ba a daɗe ba janareta ya kama. Eucharia ta kunna kwamfutar da Maijidda ta zauna a kai jiya. Tsohuwa ce, tana jinkirin tashi. Duk suka tsaya suna kallon baƙin allo.

Allon ya haskaka. A kusurwar hagu ga hoton kwandon, cike da dunƙulallun takardu. Ba ta taɓa lura da yadda aka zana shi ba sai yau. Ya yi kama da na gaske ƙwarai.

"Ga shi nan," Auwal ya ce, yana goge baƙin mai a wando. "Da idonka, Malam. Har da takardun."

Malam ya matso da fuskarsa dab da allon, ya daɗe yana kallo. Eucharia ta dafa tebur.

"Maijidda," ya ce. "Wa ya rubuta Bisimillah?"

"Ni."

"Malama ce ta ce ki rubuta?"

"A'a. Cewa ta yi mu rubuta komai."

"Wa ya ja ya kai cikin kwandon?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni. Da na koma gida ne abin ya dame ni, na tambayi Yaya ko na yi zunubi."

"Ana iya fito da shi?"

"Ana iyawa, Malam," Eucharia ta ce. Ta kama linzamin kwamfutar, amma kibiyar sai yawo take a allo, ta kasa tsayar da ita a kan kwandon. Ta gwada da hannu biyu. Maijidda ta sa nata hannun a hankali ta karɓa. Eucharia ta faɗa mata inda za ta danna. Fayil ɗin ya dawo, suka buɗe. Bisimillah a sama da haruffan boko, a ƙasa kuma: Sunana Maijidda, ina son taliya da manja.

Hajiya ta yi wata gajeriyar dariya ta haɗiye.

"Fitowa da shi bai goge cewa an saka ba," Auwal ya ce.

"Haka ne," Malam ya ce. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro waya mai fasasshen gilashi. "Auwalu, duk Juma'a mutane suna turo mini gaisuwa. Hotuna da ayoyi da salati, har wayar ta cika ta ƙi karɓar kira. Wa nake ba ya gyara?"

"Ni."

"Ina kake kai su?"

"Gogewa nake."

"Nuna mini abin da kake dannawa."

Auwal bai karɓi wayar ba.

"Karɓi mana. Idona ba ya gani sosai, amma ina jin na taɓa ganin wani ɗan hoto a sama."

Auwal ya karɓa, ya danna, ya tsaya. Hajiya ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Kwando ne, Malam," ta ce. "Har da murfi."

"Nasa ya fi tsafta ke nan," Malam ya ce. "Ayoyi nawa ka zuba a ciki, kai da ka sauke Alƙur'ani? Ita ba ta ma san abin da ke cikin shafin ba. Kai kana gani kake dannawa."

"Ba ɗaya ba ne, Malam."

"Faɗa mini bambancin. Ina saurare."

Auwal ya mayar wa Malam wayarsa.

Malam ya juya ga Eucharia. "Babu laifi a kanki, babu a kan yarinya. Haske ne a gilashi, babu takarda, babu shara. Amma nan gaba ki ce su goge sunan Allah daga shafin kafin su ja shi can. Don zukatan mutane."

"To, Malam."

Malam ya sa Auwal ya ɗauki sabon saƙon murya. Na farko ya fito a daƙile, Malam ya ce bai ji ba, a sake. Auwal ya sake: ya faɗi sunansa, ya ce ya yi kuskure, Malam Kailani ya duba da idonsa, babu abin da aka wulaƙanta. Ya tura.

"Shi ke nan ko?" Eucharia ta tambayi Hajiya.

Hajiya ta cire mayafinta ta miƙa mata.

"Ba za ta sa ba," Malam ya ce. "Wanda ya ɓoye fuska ya amsa laifi. Auwalu, kawo keken bakin ƙofa. Kai za ka kai ta."

Maigadi ya buɗe ƙofa. Mutanen sun cika titin har bakin kwata. Da yawa baƙi ne, ba 'yan layin ba. Malam ya fita gaba, ya tsaya ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba, na gaba suka yi shiru don su ji, na baya suna tambayar me ya ce. Eucharia ta bi bayansa tana kallon zaren da ke gilashinsa, ba ta kalli kowa ba. Wani ya ce, "Ita ce." Wani ya ce, "Malam ya ce ba haka ba ne." Ta shiga keken. Malam ya shigo ya zauna a gefen da mutane suka fi yawa, ya bar ƙafarsa ɗaya a waje.

Auwal ya ja a hankali. Hannu ya bugi rufin keken. Wani abu mai nauyi ya faɗi a baya, ba ta juya ta ga ko mene ne ba. Ta zuba ido a ƙeyar Auwal, tana tunanin idan ya tsaya fa. Bai tsaya ba. Da suka hau babban titi ya ƙara wuta.

Mahaifinta ya kira ya ce kada su zo gida, akwai waɗanda ba ya sani zaune a gaban shago. Yana tashar mota da jakarta, za ta tafi wurin ƙanwarsa a Kaduna.

A tasha Ejiofor ya kama hannun Malam da hannu biyu. Malam ya ce masa ta yi mako ɗaya ko biyu, za a manta. Ejiofor ya gyaɗa kai kamar ya yarda.

Auwal ya ɗauki jakar ya sa a bayan mota. Ya tsaya a gefe yana duba wayarsa.

"Sun saurari na biyun?" Eucharia ta tambaye shi.



"Wasu," ya ce.

Ta shiga motar, ta zaɓi kujerar tsakiya, nesa da taga.