Lita Ɗaya da Kwata

Abu ɗaya tak Ya Falmata ta roƙi ƙaninta Malam Kashim, kuma ba mai wuya ba ne. Ta ce ranar Lahadi da safe, in zai wuce Chetimari wajen suna, ya tsaya a bakin kwalta a Gagamari ya ɗauke ta. Ɗansa Ammar aka yi wa haihuwa, mace, kuma an riga an tsayar da magana cewa sunan Ya Falmata za a raɗa wa jaririyar. Tsohuwar ta haura saba'in, Allah bai ba ta haihuwa ba, duk faɗin dangi kuma ba a taɓa yi mata takwara ba. Ita ta goya Kashim bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi ta tsinkar tattasai a gonakin bakin kogin Komadugu har ya gama makaranta. Ba ta nemi komai ba sai ta ji da kunnenta lokacin da za a faɗi sunan.

"Ko da rarrafe ne zan zo in ɗauke ki, Yaya," in ji shi.

Da gaske kuma yake. Malam Kashim ba mugun mutum ba ne, malamin lissafi ne kawai. In yana ba da wannan labari yanzu yakan ce shi ma bai san wanne ya fi wuyar magani ba a cikin biyun.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi a Diffa. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata 'yar farar mota ta hannu, ya tsinci littafin da masu ƙera ta suka rubuta da Faransanci a aljihun gaba. Kowa in ya sayi mota, wannan littafi mafici yake zama lokacin zafi. Shi kuwa ya zauna ya karance shi tas, har da jan layi. A tsakiyar littafin ya gamu da gamonsa, inda aka rubuta cewa motar lita biyar take sha a kilomita ɗari. A ranar ya kai labari fada, wato majalisar shayinsu ta gindin bishiyar bedi, ya faɗe shi da murya irin ta mai ba ɗalibai amsa.

Lado makanike ya ajiye kofinsa ya dube shi. "Wannan motar, Malam? A Diffa? In ta tsaya a goma ka yi sadaka."

Goma ɗin ta sha. Wani mako ma goma sha ɗaya. Mai hankali da sai ya yi dariya ya bar zancen, amma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gaya wa yara cewa lamba ba ta ƙarya ba zai yarda a ce lambar da aka buga a littafi ta yi ƙarya ba. Ya fara ɗora laifi kan 'yan ruwa-ruwa masu sayar da mai a bakin hanya, ya ce kwalabensu ba sa cika lita, ya sayi ma'auninsa mai zane-zane yana yawo da shi. Bai ga canji ba. Ya koma kan tayoyi, kullum yana wajen mai ba su iska. Ya kashe na'urar sanyi a tsakiyar watan Afrilu, ya kuma rufe gilasai don ya karanta cewa iska na jan mota baya. Matarsa Kubra ta shiga sau ɗaya ta fito kamar an tsamo ta daga kogi, ta ce ita ba gurasa ba ce da za a gasa ta. Ya cire tayar ajiya, ya cire jak, ya cire darduma da butar alwala. Da ƙyar motar ta sauko takwas, ta kafe a nan.

"A cikin ɗaki suke auna ta fa," Lado ya gaya masa wata rana, cikin tausayi. "Kan wasu ƙarafa masu juyawa, ko ƙasa ba ta takawa. Ba rairayi, ba rami, ba shingen bincike, ba surukai."

"Kai ka je ka gani?"

"Ni dai shekara talatin ina ƙarƙashin mota, Malam. Kai kana ƙarƙashin allo."

Abin da Malam Kashim ya sani a ransa, ya ƙi faɗa, shi ne motar ba ta taɓa yin tafiyar kilomita biyu da shi kaɗai a ciki ba. A wannan yanki mai mota ba shi da iko da kujerunsa. Kafin ya fita layinsu an tsayar da shi sau uku. Wannan za ta asibiti, wancan injin ban ruwansa ya lalace zai kai gyara, wani kuma buhu biyu ne kawai na tattasai, in ji shi, sai an buɗe bayan mota a ga huɗu. Ba a wuce mutum a tsaye a bakin hanya, balle wanda aka sani, kuma a nan wa ba a sani ba? Yana ɗauka yana murmushi, cikinsa kuwa yana ta ƙiyasin nauyin kowa kamar mai sayen raguna.

To ranar Asabar, jajiberin suna, sai abin ya zo masa daidai. Kubra na Chetimari tun ranar haihuwa, yara sun bi ta, hanya kuma da safiyar Lahadi ba kowa. Ya faɗa a fada cewa gobe za a raba gardama. Daga gidansa zuwa bakin Chetimari kilomita ashirin da biyar ne a ma'aunin motar, don haka lita ɗaya da kwata ya kamata ta sha. Aka shirya cewa Lado zai cika tanki har baki, ya naɗe murfin da salatif, ya sa hannu a kai. A Chetimari kuma Ɗalha ƙanin Lado, mai teburin mai a bakin gari, zai kwance ya sake cikawa da ma'aunin Malam, ya bugo waya ya faɗi abin da ya shiga.

Bai manta da Ya Falmata ba, kada a zalunce shi. Ya sa ta a lissafi. Ya ƙiyasta ba ta fi kilo arba'in da biyar ba har da mayafinta, kuma ƙarshen tafiyar kaɗai za ta shiga. Ya buga a takarda ya ga ba za ta ɓata komai ba, ya ji daɗi ƙwarai da yayarsa ta kasance siririya.

Da gari ya waye Lado ya yi aikinsa, Malam Kashim ya cire takalmi don ƙafarsa ta ji totur sosai, ya kama hanya. Ya bi ta lungu don kada maƙwabta su gan shi. A kan kwalta ya tsayar da allura a sittin, ba ta sama ba ta ƙasa. A shinge ya kashe inji tun daga nesa ya gangara, har jami'in ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya. Motar kaya ta wuce shi, wata tsohuwar a-kori-kura cike da mutane ta wuce shi, fasinjojin suna leƙen wannan dattijo mai babbar riga da ya rufe kansa a mota yana zufa shi kaɗai. Bai kula su ba. Tunda ya sayi motar bai taɓa jin ta da sauƙi haka ba, sai ka ce an sauke wa jaki kaya.

Daga nesa ya hango Ya Falmata a bakin hanya a Gagamari, ta naɗe jikinta da sabuwar lufaya mai ruwan goro. Ya hango kuma abin da ba ya cikin takardarsa. A hannunta akwai igiya, a ƙarshen igiyar akwai akuya ƙosasshiya, kyautar da za ta ba takwararta. A gefenta buhun gero. A bayan buhun maƙwabtanta biyu, mata masu jiki, sun ci ado sun zo taya ta murna, kowace da ƙullin kayanta.

Kan malamin lissafi ba ya neman izini kafin ya fara aiki. Kafin ya ƙifta ido ya tara su, ya samu kilo ɗari uku da wani abu, ban da tsayawa da tashi da inji yana aiki ana loda akuya. Ƙafarsa ta tashi daga totur ta nufi birki, ta tsaya a tsakani. Wata murya a cikinsa, mai kama da tasa in yana aji, ta ce Chetimari ai ga ta nan, minti goma ne a auna, ka juyo ka kwashe su har da akuyar, wa ya rasa wani abu? Ya Falmata ta ɗaga hannu. Malam Kashim ya juya kansa dama, ya ƙura wa wata gonar tattasai ido kamar bai taɓa ganin tattasai ba a duniya, ya wuce a sittin daidai.

Ɗalha mutum ne mai tsoron Allah a wajen awo, kuma a ranar tsoron nasa ya yi yawa. Ya duba sa hannun wansa, ya kwance salatif a hankali, ya zuba rabin lita ya jira kumfa ta kwanta. Ya girgiza motar. Ya sake zubawa. Malam Kashim na tsaye ba takalmi yana duban hanyar da ya fito, yana cewa ya yi sauri, Ɗalha na cewa amana aka ba shi. Daga ƙarshe mai ya tsaya cif a bakin tanki. Ɗalha ya ɗaga ma'aunin ya duba, ya sake dubawa.

"Lita ɗaya da kwata, Malam. Wallahi ko ɗigo bai ƙaru ba."

Wata takwas yana jiran wannan magana. Ya ɗauka in ta zo zai yi tsalle. Sai ya tsaya yana kallon kujeru huɗu ba kowa a kai, abin ya faɗo masa a rai cewa ashe masu littafin ba su yi ƙarya ba. Lissafinsu daidai yake, na mutumin da ba shi da kowa ne.

Bai kai ga buɗe ƙofa ba sai ga surukin Ammar da wasu dattawa sun fito nemansa. "Ga kaka nan! Malam, kai ake jira, liman yana da wani sunan a gaba." Suka kama hannunsa. Ba wanda ya tambayi Ya Falmata, don kowa ya ɗauka ya riga ya sauke ta a ƙofar mata. Kalma ɗaya ce za ta gyara komai, ya ce a dakata minti goma. Amma in ya faɗa za a tambayi dalili, dalilin kuma ba ya faɗuwa a gaban dattawa. A nan ya yi laifinsa na biyu, wanda ya fi na farko muni, ya yi shiru ya bi su.

Ya zauna a kan tabarma, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka yanka rago. Mai shela ya miƙe ya ɗaga murya ya ce sunan yarinya Falmata, Allah ya raya ta. Daga cikin gida guɗa ta tashi. Malam Kashim ya shafa fatiha da kowa, kunya na cin sa har cikin ƙashi. Ana gamawa ya zame ya fita da gudu-gudu wajen mota.

Bai yi nisa ba. A bakin gari, kusa da teburin Ɗalha, ya gan ta tafe a ƙasa ita kaɗai. Ta bar buhun da maƙwabtan a Gagamari, ta janyo akuyarta. Gefen sabuwar lufayar ya yi ja da ƙasa, takalmanta na hannu, tana tafiyar tsofaffi, taku kaɗan ta tsaya ta huta. Ya fito daga mota ya durƙusa a gabanta a kan titi.

"An faɗa?" ta tambaye shi.

"An faɗa, Yaya."

Ta dubi rufin gidajen garin. Sannan ta gyaɗa kai. "Sunana dai suka sa?"

"Sunanki."

"To alhamdu lillahi." Ta dubi motar, ta dube shi. Labarin awon nasa ba wanda bai sani ba daga Diffa har bakin kogi. "Ita kuma nawa ta sha?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya faɗa mata a hankali, lita ɗaya da kwata.

"Haka littafin ya ce?"

"Haka ya ce."

"Madalla, ka huta." Ta miƙa masa igiyar akuyar. "Tashi, Kashim, mutane na kallo, kai kakan suna ne. In an tambaya ka ce ni na makara. Na ga lokacin da ka juya kanka, sai ni ma na sauke hannuna na juya nawa, don kada matan nan su ce ka gan ni."