Kunkuru Na Shida

Shafa'atu ba ta yi niyyar ɓata komai ba. Wayar Inna ce ta dame ta tun farkon damina da wani jan ɗigo a kan ekran, fuskar wayar, wai akwai sabuwar fitowar wasan, ita kuwa tun tana jami'a a Maraɗi ba ta iya ganin irin ɗigon nan ta bar shi. Da hantsi, tana goge wayar da bakin zanenta, ta danna. Da la'asar aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi ta tsakar gida, Inna Hamsatu ta zauna a gefe ɗaya, Yaya Abdulhakim a ɗaya gefen, ita a tsakiya kamar kullum. Tana buɗe wasan sai ga kunkuru sanye da malafa yana rawa.

"Mi ne ne wanga?" in ji Inna.

"Shi ne, Inna. Gyara shi suka yi."

"Da a lalace yake?"

Wasan yana da sunansa na Turawa, amma a gidan marigayi Halidu, babansu, ba wanda ya taɓa kiran sa da shi. Kunkuru ake ce masa. Kowane ɗan wasa yana da kunkuransa a kan tuddai, kowane kunkuru da igwa goye a baya. Ka ɗaga bakin igwa, ka dubi kibiyar da ke nuna iska, ka saki. Harsashi ya tashi ya lanƙwasa ya faɗo, in ka dace ya tone ƙasar da kunkurun abokin wasanka ke tsaye a kai, ya gangara ruwa. Daga nan sai ka miƙa wa na gaba, shi ma ya rama.

Baba ne ya kawo fitowar farko a wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da aka ba shi a wurin aiki, lokacin Shafa'atu ko lekol, makarantar boko, ba ta shiga ba. Kunkuran lokacin kamar korayen duwatsu suke, ƙarar igwar kuma kamar tarin tsoho. Ta biyu ce aka fi daɗewa da ita. Ta uku kuwa masu wasan suka ga dama suka sa filin yana juyawa ta ko'ina, Inna ta kalla sau ɗaya juwa ta kama ta, aka goge aka koma ta biyu har ordinatar ta mutu. Ta huɗu ta zo a waya, a shimfiɗe kamar da, sai ka ce masu yin ta sun tuba. Ta biyar ba wanda ya ga bambancinta da ta huɗu in ban da ƙanƙara a kan tuddai. A dukansu dai abu ɗaya bai taɓa canzawa ba: na'ura ɗaya ce, hannu ke miƙa wa hannu.

A wannan miƙawar duk maganar take. Abdulhakim ɗan fari ne, kuma dangin Inna, da suka gangaro daga wajen Azagor, ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Shafa'atu ba ta taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Wancan" ne, ko "mutumen". In ya durƙusa gaida ta, awaki take kallo ta amsa. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta cin abinci yana gani. Sai a kan tabarmar Kunkuru. Tun ranar da Baba ya rasa abokin wasa ya ce ta zo ta cike gurbi, aka wayi gari wannan wuri ɗaya ne dokar ba ta kai ba. Ba ta yi masa magana ko a nan. Ta harba, ta miƙa wa Shafa'atu, Shafa'atu ta miƙa masa. Amma tana zaune, gwiwarta ba ta fi kamu biyu da tasa ba, kuma in ya yi harbi mai kyau takan ce "hm".

Yanzu Abdulhakim malamin lekol ne a can N'gigmi, wajen tafki, sau ɗaya yake zuwa gida Dakoro a shekara, da bakans, lokacin babban hutu. Gobe da asuba motarsa za ta tashi.

Shafa'atu ta shiga nan, ta fita can. Akwai wurin zaɓen huluna. Akwai gasa da mutanen ƙasashen da ko a darasin labarin ƙasa ba ta tuna su ba. Akwai wani akwati da ke buɗewa da kiɗa ya ba ka takalmin kunkuru. Wurin da mutum biyu za su yi wasa da waya ɗaya ne babu.

"Ke mai lisans ɗin jami'a," in ji Abdulhakim ƙasa-ƙasa, "maida mana tsohon mana."

"Ba ya komawa, Yaya."

"Kamar yaya ba ya komawa? Ke kika kawo shi."

"Sun rufe shi. Yanzu kowa da wayarsa, sai da rezon intanet."

"Mutum biyu, gida ɗaya, tabarma ɗaya, sai mun bi ta ƙasar Turawa kafin in harbi wanda ke gabana?"

"Ni na ƙera shi?"

Inna ta dafa ƙasa. "To, bari in duba awaki."

Awakin suna nan a gabansu, sun ƙoshi, suna tuƙa. Shafa'atu ta dubi yayanta. Ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren bakin tabarma. Gemu gare shi, yara ɗari ke miƙewa in ya shiga aji, amma a lokacin nan kamar yaron da aka hana bin mota yake. In Inna ta tashi, ta tashi ke nan sai baɗi.

"Inna, zauna. Don Allah. Yanzu zan haɗa."

Ba yanzu ba ne. Sai da wasan ya sauka a wayar Abdulhakim, yana tafiya yana tsayawa kamar jaki da kaya a yashi. Sannan wasan ya ce sai an buɗe wa Inna kont, an yi mata rajista.

"Suna tambayar shekarunki."

"Su wa?"

"Masu wasan."

"Aure za su yi mini?"

Shafa'atu ta rubuta abin da ta ga dama. Suka nemi hoto, ta tsallake. Suka nemi ta zaɓi hula, Inna ta ce kunkurunta bai taɓa sa hula ba kuma ba yau zai fara ba, wasan kuwa ya ƙi gaba sai da hula. Aka sa masa mafi ƙanƙanta. Daga nan wani kunkuru mai tabarau ya fito ya ce zai koya wa Inna yadda ake harbi, kuma ba shi da wurin kashewa. Matar da ta fi shekara goma sha biyar tana jefa kunkuran mutane ruwa ta zauna tana danna inda aka haska mata, ana yi mata tafi. Shafa'atu ta ji kamar ta jefa wayar a randa.

Da ƙyar wayoyin biyu suka ga juna. Fili ya buɗe, tuddai sun yi kyau, ciyawa har tana kaɗawa. Abdulhakim ya ɗaga igwa, sai komai ya daskare. Layin da ke wayarsa ba ya kamawa a tsakar gida, kowa ya san haka, in zai yi kira ƙofar gida yake fita. Ya ɗaga wayar sama, ya koma gindin rumbu, ya dawo. A ƙarshe ya sa takalmi ya bi ta zaure ya fita, ya zauna kan dakalin waje.

Shafa'atu ta dubi gefen tabarmar da ya bari. Duk wahalar nan don su zauna wuri ɗaya ne, ga shi ta ƙare da katanga a tsakaninsu.

"Harbinki ne, Inna."

Inna ba ta harbi da gaggawa. Takan dubi kibiyar iska, ta karkata wayar, ta ɗaga bakin igwa kaɗan, ta sauke, ta yi bisimilla. Tana cikin haka wani ɗan agogo a kusurwa ya yi ja, ya yi ƙara, kunkurunta ya yi hamma ya kwanta.

"Wa ya taɓa mini?"

"Ba kowa. Lokacinki ne ya ƙare."

"Lokacin wa? Ina zaune gidana?"

"Haka suka yi shi yanzu. Wai kar a tsayar da mutane."

"Waɗanne mutane? Ni da wancan ne!"

Harsashin Abdulhakim ya taso daga bayan tudu ya fasa ƙasa dab da ita. Inna ta gyara zama, ta ɗaure ɗankwalinta. Da layi ya dawo kanta ba ta tsaya dogon awo ba, ta saki, kunkurunsa ɗaya ya wuntsila ruwa da hularsa.

"Yawwa! Dubi inda ya je ya tsaya, bakin gaɓa. Haka yake tun yana rarrafe, ba ya ganin rami."

Shafa'atu ta juyo. Ba ta taɓa jin Inna ta faɗi abin da ya wuce kalma biyu game da Yaya a kan tabarmar nan ba. Amma yau gefen babu kowa, bakin ya kwance.

"Kin ga wuyansa kuwa?" Inna ta ci gaba, idonta a kan ekran. "Riga na lilo a jikinsa. Can ba su da hura ne? Kifi, kifi, mutum ya rayu da kifi. Shi kuma ba zai ce yana jin yunwa ba, ubansa ya biyo." Ta harba, ya wuce. "Iskar ga ma ta canza hali. Da aka kai shi yaye wurin kakarku, kin san bai yi kuka ba? Kowa na yaba shi. Ni ce nake zagayawa ta bayan danga da tulu, wai ruwa za ni, alhali rijiya na gabas. In tsaya ina leƙen sa yana cin ƙasa."

Shafa'atu ta ƙura wa ekran ido, tana tsoron ko numfashi mai ƙarfi ya katse maganar.

A ekran, agogon Abdulhakim ya yi ja, kunkurunsa ya yi hamma. Inna ta harba. Layi ya koma kansa, ya sake ƙarewa bai taɓa komai ba.

"Tahi ki gani. Rezon nan nasa ya sake mutuwa."

Ta tashi tana jan takalmi, tana tsine wa masu huluna a zuci. Tana fitowa daga zaure ta same shi a kan dakali, ba ya ko kallon ekran. Ya manna wayar a kunne da hannu biyu. Daga cikinta, siririya amma sarai, muryar Inna na cewa, "Ita ma ɗiyar nan da nawa, kamar ƙafar aro gare ta."

Shafa'atu ta fizgo hannunsa ta duba. A ƙasan ekran akwai ɗan hoton mikro, abin ɗaukar murya, kore. Sabuwar fitowar tana buɗe murya da kanta tsakanin abokan wasa. Nasa ya rufe. Na Inna ne a buɗe tun farko.

"Tun yaushe kake ji?"

"Tun bakin gaɓa." Idanunsa sun yi ja. "Shafa, kar ki kashe."

"Yaya, kana da hankali? In ta gane, ba za ta ƙara taɓa wasan nan ba har abada. Kuma ni za ta ci, ba kai ba, kai kana mota."

"Ban san da maganar tulun ba," ya ce, kamar bai ji ta ba.

Ta tsaya a bakin zaure, waje ba waje ba, ciki ba ciki ba. Haushin kowa take ji: masu wasan da ba sa iya barin abu yadda yake, yayanta da ya zauna yana satar ji kamar ba babba ba, Inna da ta riƙe magana shekara talatin sai yau, da yatsanta da ya danna jan ɗigo. Ta yanke shawara za ta kashe a ɓoye. Abin da ya ji ya ji, ya ishe shi guzuri.

Ta koma ta zauna. "Rezon ya dawo," ta ce. Ta miƙa yatsa a hankali wajen koren hoton, kamar za ta share ƙura.

Inna ta buge mata hannu.

"Kada ki ƙara taɓa mini komi a wayar ga. Taɓe-taɓenki ya kawo mu nan."

"Inna, wannan ɗin..."

"Na ce ki bari."

Shafa'atu ta janye hannu. Inna ta ɗago wayar kusa da fuskarta, ta yi gyaran murya, ta dubi awaki.

"Ki gaya wa wancan akwai cuku a ƙullin da na sa ƙasan jakarsa. Nasa ne, ba na rabo a tasha ba. Kuma ya daina zama da yunwa don kunyar mutane. Kuma ya harba, rana na faɗuwa."

Shafa'atu ta yunƙura za ta tashi.

"Ina za ki? Zauna."

Ta zauna. Ba a jima ba harsashi ya taso daga bayan tudu, ya lanƙwasa da iska, ya sauka daidai ƙarƙashin babban kunkurun Inna. Ƙasa ta zube, kunkuru ya gangara ruwa, ƴar hular ta tsaya tana yawo a sama.

"Hm," in ji Inna.

Ta ɗaga bakin igwarta, ta sauke kaɗan. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Shi wanga sabon, daga can inda yake ma yana kamawa?"

"In da rezo."

"To, gobe da la'asar kar ki yi nisa."

Kafin Shafa'atu ta amsa, fili ya ɓace, akwatin kyauta ya cika ekran yana kiɗa, wai Inna ta ci takalmi. Agogo kuwa yana ta tafiya a bayansa.

"Cire mini abin nan! Ke! Cire shi, lokaci na ƙarewa!"

"Kin ce kar in taɓa."

"Taɓa wannan kaɗai!"